Laƙabi ne ke cinye ƙwaƙwalwar kwamfuta a R, ko zanen da aka ajiye?

Tambaya: Ina rubuta kundin digiri na biyu da bayanan binciken lafiya na Najeriya (NDHS) na 2018, ina aiki da manhajar nazarin bayanai ta R, kuma kwamfutata mai RAM GB 8 ce. Na saba maƙala wa kowane ginshiƙi na teburin bayanai laƙabinsa, wato ɗan rubutun da ke faɗin me ke cikinsa, da launin da nake so ya fito da shi, sannan in ajiye zanukan da `saveRDS()` don kada in sake yin su. Yanzu R na yawan tsayawa yana cewa ba shi da wurin da zai ware, kuma zane ɗaya mai sanduna shida kacal ya yi girman da ba ya turuwa ta imel. Laƙabin ne suka jawo haka? In cire su duka?

Amsa: Malama, kada ki taɓa laƙabin nan. Ba su ne suka cika miki kwamfuta ba, kuma ranar da kika cire su za ki koma kallon v106 da v190 kina ƙoƙarin tuna wanne ne matakin ilimi, wanne ne rukunin arziki. Nauyin yana wasu wurare biyu: fayil ɗin da kike lodawa dukansa, da zanen da kike ajiyewa, wanda ke jan wannan fayil ɗin a bayansa ba tare da kin gani ba. Launi kam a ganina ya kamata ya fita daga jikin bayanan, amma dalilinsa daban ne, zan zo kansa.

Mu fara da lissafi, don shi ke raba gardama a wannan fage. R yana ɗora duk abin da yake aiki da shi a RAM ne, wato ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a lokacin. Ba ya barin bayanai a faifan ajiya yana ɗiba kaɗan-kaɗan, sai an nemi hakan ta wani fakiti na musamman, wato ƙarin kayan aiki da ake ɗora wa R. Kowace lamba ta nau'in `double` tana cin bayit 8, ta nau'in `integer` tana cin 4, amsar gaskiya ko ƙarya ma 4 take ci. Binciken 2018 ya tattauna da mata 41,821 masu shekara 15 zuwa 49, kuma fayil ɗin matan yana da ginshiƙai dubbai, saboda an ware wa kowace haihuwa da kowace allurar rigakafi nata gurabe, ko da matar ba ta taɓa haihuwa ba. A ƙaddara ginshiƙan 5,000 ne. Ki ninka 41,821 da 5,000 da 8, za ki samu bayit biliyan 1.67, kusan GB 1.7 ke nan, tun kafin ki lissafa komai. Abin da ke ruɗa mutane shi ne a faifai fayil ɗin bai kai haka ba. Fayil ɗin na Stata ne, wata manhajar nazarin bayanai, kuma Stata yana da nau'in ajiya mai bayit 1 tak, wanda ya ishi amsoshi irin 1 da 2 da 3, to amma `read_dta()` na fakitin haven yana mayar da duk lambobi masu bayit 8. Gurbin da babu komai a cikinsa ma, wanda ya fito da `NA`, cikakken wurinsa yake ci.

Laƙabi fa? Idan kika rubuta `attr(x, "label")` kika ba shi jimla mai kalmomi biyar ko shida, abin da ya ƙaru bai kai bayit 300 ba, kuma sau ɗaya ake biyan sa ga kowane ginshiƙi, ko layukan ɗari ne ko miliyan goma. Ginshiƙai 5,000 gaba ɗaya ba su wuce MB 1.5 ba, ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu na nauyin teburin. Laƙabin amsoshi, irin wanda ke cewa 1 birni ne 2 ƙauye ne, suna ƙara wani abu, amma duk a wannan ƙaramin ma'auni suke. Rubutun da ake yi a jikin buhun masara ba ya ƙara wa buhun nauyi, kuma idan aka goge shi ba a sauƙaƙa wa mai ɗauka ba, sai dai a rasa sanin na waye.

Gyaran farko yana nan tun a ƙofar shiga. Kada ki loda abin da ba za ki yi aiki da shi ba:

```r
mata <- haven::read_dta("fayil.dta",
  col_select = c(v005, v012, v021, v022, v024,
                 v025, v106, v190, v201, sstate))
```

Ginshiƙai goma ke nan, nauyinsu kusan MB 3.3, kuma kowanne ya zo da laƙabinsa. Ki lura na sa v005 da v021 da v022 ko da ba za su fito a zane ba. Su ne ke ɗauke da tsarin samfurin, wato yadda aka zaɓo matan da aka tambaya, v005 kuwa shi ne ma'aunin daidaita kowace mace da yawan matan ƙasa, kuma kason da aka lissafa ba tare da v005 ba, bayan an raba shi da miliyan ɗaya, ba kason Najeriya ba ne, na waɗanda aka tambaya ne kawai. Rage nauyi bai kai ga jefar da waɗannan ba.

Akwai wani tsoro da nake yawan ji, cewa duk lokacin da aka maƙala laƙabi R yana kwafin teburin gaba ɗaya. Tsoron yana da tushe, amma na da ne. R ba ya kwafin abu don an ba shi suna na biyu. Idan kika rubuta `b <- a`, sunaye biyu ne ke nuna wuri ɗaya, sai an zo canza ɗaya daga ciki ake yin kwafi. Daga R 3.1.0 na 2014, canza ginshiƙi ɗaya ba ya tilasta kwafin sauran ginshiƙan teburin, sannan R 4.0.0 na 2020 ya zo da ƙirgen masu nuna kowane abu, wanda ya ƙara rage kwafin da ba shi da dalili. Mafi munin abin da zai faru a yau shi ne a kwafi ginshiƙin da kika taɓa, wanda a naki bayanan bai kai rabin MB ba. In kina son gani da idonki, `tracemem()` yana yin magana duk lokacin da aka kwafi abin da kika sa masa ido. Masu layuka miliyoyi suna amfani da `setattr()` na data.table, wanda ke maƙala laƙabi a wurin ba tare da kwafi ba. Ke ba ki kai ga buƙatar wannan ba.

Yanzu ga babban abin. Idan kika rubuta `p <- ggplot(...)`, abin da ke cikin `p` ba hoto ba ne. Hoton ba ya samuwa sai lokacin da aka ce a nuna shi ko a fitar da shi. Abin da ke ciki shi ne umarnin yadda za a yi zanen, haɗe da duk kayan da za a buƙata. Akwai teburin da kika ba shi dukansa, har ginshiƙan da ba su shiga zanen ba. Akwai kuma wani abu da ba a cika lura da shi ba: duk abin da kika rubuta cikin `aes()`, ggplot2, fakitin da ke yin zanen, ba ya lissafa shi nan take, yana ajiye rubutun ne tare da adireshin muhallin da aka rubuta shi, wato wurin da R ke ajiye sunaye da abubuwan da suke nunawa, don in lokacin zane ya yi ya san inda zai nemo ma'anar kowane suna. Idan a fili kika yi zanen, muhallin shi ne babban filin aikinki, kuma `saveRDS()` ba ya kwashe wannan ya zuba a fayil, ambatonsa kawai yake yi. Amma idan cikin `function` kika yi shi, kamar yadda duk mai tsara aiki yake yi, muhallin shi ne cikin wannan `function` ɗin da duk abin da ya zauna a ciki: babban teburin da aka miƙa masa ko ya karanto, kwafin da aka tace, da duk wani lissafin tsakiya. Ko da kin taƙaita bayanan zuwa layi shida na shiyyoyi shida kafin ki zana, zanen yana riƙe da wannan muhallin. Shi ya sa sanduna shida suka ƙi turuwa ta imel. Ba sandunan kike turawa ba, amsoshin mata 41,821 kike turawa.

Wannan ma yana da wani ɓangare da ya wuce batun nauyi. Bayanan DHS, shirin binciken lafiya na ƙasashe da NDHS ke cikinsa, ana ba da su ne ga wanda ya yi rajista, bisa sharaɗin ba zai raba wa wasu ba. Wanda ya tura irin wannan fayil na zane ya raba su ke nan, bai sani ba.

Abin ya fi muni idan zanukan suna da yawa. A ce kin yi zane ɗaya ga kowace jiha, 36 da Abuja, ta hanyar kiran `function` ɗaya sau 37 kina miƙa masa babban teburin. A cikin RAM ba wata matsala tukuna, domin duka 37 ɗin wuri ɗaya suke nunawa. A fayil ba haka ba ne. Lokacin rubutawa, R yana gane muhalli ɗaya idan ya sake cin karo da shi, amma ba ya gane cewa teburin da ke cikin wannan muhalli shi ne dai wanda ke cikin wancan. Kowanne sai ya rubuta shi sabo. Matsewar da `saveRDS()` ke yi tana ɓoye girman ɓarnar, don gurabe marasa komai suna matsuwa sosai, amma ranar da kika kira `readRDS()` teburi ɗaya ya koma 37, kowanne da wurinsa. Da tebur mai GB 1.7, kina neman sama da GB 60 daga kwamfuta mai 8. Ina kyautata zaton nan ne saƙon `cannot allocate vector of size` yake fito miki. In kuma kowane kira yana tace nasa yanki, waɗannan yankunan ma ba za su tafi ba muddin zanen yana raye. `rm()` suna kawai yake cirewa, `gc()` kuma ba ya kwashe abin da wani ke riƙe da shi, kuma ggplot2 da kansa yana riƙe da zane na ƙarshe don `last_plot()`.

Ba zane kaɗai ke da wannan hali ba. Sakamakon `lm()` da `glm()` yana ɗauke da kwafin ginshiƙan da aka yi amfani da su, kuma dabarar da kika rubuta da alamar `~` tana riƙe da muhallinta kamar yadda `aes()` ke yi. Abin da `svydesign()` na fakitin survey, wanda Thomas Lumley ya rubuta, yake dawo da shi ma yana ɗauke da teburin gaba ɗaya. Akwai fakiti mai suna butcher da aka yi musamman don yanke waɗannan kaya daga jikin sakamako kafin a ajiye. Sannan ki duba saitin RStudio ki kashe ajiye `.RData`, fayil ɗin da ke ɗauke da duk abin da ke filin aikinki, a lokacin rufewa da loda shi a lokacin buɗewa. In yana kunne, duk safiya kina fara aiki ne da lodin jiya a kanki.

Kada ki auna zane da `object.size()`. Ba ya leƙa cikin muhalli, don haka zai ce miki zanen ƙarami ne alhali yana jan GB biyu. A ɗaya gefen kuma, abin da sunaye biyu ke rabawa sau biyu yake ƙirga shi. `obj_size()` na fakitin lobstr ya fi shi gaskiya a duka biyun. Don sanin abin da zai shiga fayil kuwa, `length(serialize(p, NULL))` yana ba ki adadin bayit kafin matsewa. Ki gwada shi a kan zane ɗaya kawai, bayan kin rage ginshiƙan, don shi ma wuri yake ci. Zanen sanduna shida da ya nuna ɗaruruwan MB, akwai abin da yake ja.

Maganin shi ne a raba aikin gida biyu, mai taƙaitawa daban, mai zanawa daban, yadda mai zanawa ba zai taɓa ganin babban teburin ba:

```r
zana <- function(takaice, launi) {
  ggplot(takaice, aes(shiyya, kaso, fill = shiyya)) +
    geom_col() +
    scale_fill_manual(values = launi)
}
```

Ki rubuta `zana` a fili, ba cikin wani `function` da ke riƙe da manyan bayanai ba, in ba haka ba zai gaji muhallin wancan. Abin da za ki ajiye kuma uku ne: ƙaramin teburin taƙaitawa, rubutun umarnin da ke yin zanen, da hoton kansa ta `ggsave()`. Dalilinki na ajiye zanuka shi ne kada ki sake jiran lissafi, kuma dalili ne mai kyau. Sai dai lissafin ne ke cin lokaci, ba zanen ba. Daga tebur mai layi shida, zane yana fitowa kafin ki ɗaga hannu daga madannai.

To, me ya kamata ya zauna a jikin bayanai, me ya kamata ya fita? Ma'aunin da nake bi shi ne in tambaya: wannan bayanin yana faɗin me lambar take nufi ne, ko yana faɗin yadda nake so ta bayyana yau? Na farko ya zauna da bayanai duk inda suka je. Cikakken sunan ginshiƙi, ma'aunin da aka auna da shi, ma'anar kowace amsa, lambobin da ke nufin ba a samu amsa ba, duk nan suke. Ki dubi tsawon yara a fayil ɗin yara na DHS, ginshiƙin hw3. An ajiye shi ne da santimita ninki goma, wato 875 na nufin santimita 87.5, kuma lambobi irin 9995 da 9996 ba tsawo ba ne, alama ce ta cewa ba a auna yaron ba. Laƙabin ne kaɗai ke gaya miki haka. Wanda ya goge su don neman wuri zai iya lissafa matsakaicin tsawo da yara masu kusan mita goma a ciki, kuma R ba zai ce masa komai ba. Teburin taƙaitawa ma yana da irin nasa bayanan da bai kamata ya rabu da su ba: daga wane bincike, na wace shekara, an daidaita da v005 ko ba a daidaita ba, kuma kaso na su waye. Bayan wata shida, lokacin da mai duba kundinki ya tambaya, ba za ki tuna ba sai an rubuta.

Launi, taken zane, girman rubutu, iyakar gefen zane, waɗannan ba siffar bayanai ba ne, shawarar rana ɗaya ce. Yau malaminki yana son kore, gobe mujallar da za ki tura wa ta ce baƙi da fari kawai take bugawa, jibi ki gane akwai masu karatun da ba sa bambance ja da kore. Bayanan ba su canza ba a duk wannan. Idan launin yana jikinsu, duk canjin ra'ayi sai kin sake taɓa fayil ɗin bincike, kuma fayil ɗin bincike abu ne da ake so a daina taɓawa da zarar an tsabtace shi. Abin da ya fi shi ne ƙaramin jeri mai suna, Arewa maso Yamma wannan launi, Arewa maso Gabas wancan, har shida, a rubuce sau ɗaya a saman umarninki. Saboda kowane launi yana ɗaure da sunan shiyyarsa, ko wata shiyya ta faɗi daga wani zane bayan tacewa, sauran ba za su yi musayar launi ba. Iyakar gefen zane kuwa ita na fi tsoro. Idan kika ajiye ta daga tsohon lissafi kika ba `ylim()`, duk abin da ya wuce iyakar ana zubar da shi ne kafin a lissafa matsakaici ko a ja layin da ya ratsa ɗigogin, gargaɗi ɗan layi ɗaya kawai za ki gani. `coord_cartesian()` ne ke matso da kallo ba tare da zubar da komai ba.

Ainihin raunin laƙabin da aka maƙala da `attr()` ba nauyi ba ne. Suna ɓacewa ba sallama, kuma wani lokaci suna zama a inda ya kamata su tafi. A teburin R na asali, idan kika zaɓi wasu layuka da `[`, laƙabin ginshiƙai suna zubewa, amma abin da aka maƙala wa teburin kansa yana tsira. Idan ginshiƙai kika zaɓa, akasin haka ne ke faruwa. `merge()` yana zubar da su, `as.numeric()` yana aske komai, `factor()` ba ya ɗauko tsohon laƙabi, `ifelse()` kuma daga sharaɗin yake ɗaukar siffofi, ba daga lambobin ba. Wannan ne ya sa Frank Harrell, marubucin fakitin Hmisc, ya sa `label()` na fakitin ya riƙa ba ginshiƙi rukuni na musamman da ya san yadda zai riƙe laƙabinsa in an yanka shi, haven ma haka yake yi wa ginshiƙai masu laƙabin amsoshi. Ɓacewa dai ana ganin ta. Zaman da bai dace ba ya fi haɗari. Lamba mai laƙabin `attr()` da aka raba da goma, ko aka ɗauki `log()` ɗinta, tana fitowa da tsohon laƙabinta. Ginshiƙin ya zama wani abu, rubutun kansa yana faɗin na da, kuma in zane ya ɗauki wannan rubutu, ƙarya ce za ta shiga kundi da kyakkyawan rubutu. Duk inda kika canza ma'auni, ki canza laƙabi a layin da ke biye. Masu aiki da ma'aunai da yawa suna da fakitin units, wanda ke bin ma'aunin cikin lissafi, har ya ƙi haɗa mita da kilo.

Saboda waɗannan, ni ba na dogara da laƙabin da ke jikin ginshiƙi su kaɗai. Ina ajiye ƙamus: ƙaramin tebur mai layi ɗaya ga kowane ginshiƙi, da sunansa, da laƙabinsa, da ma'auninsa, da inda ya fito. Shi ne tushe. Bayan an gama duk tacewa da haɗawa, sai a sake maƙala laƙabin daga ƙamus da `var_label()` na fakitin labelled, gab da zane ko fitar da tebur. Daga ggplot2 4.0.0 da ya fito a Satumbar 2025, zane yana ɗaukar laƙabin ginshiƙi da kansa ya sa a gefe in ya same shi, kuma `labs()` ya samu gurbin `dictionary` da ake miƙa wa irin wannan jeri kai tsaye. 

Ƙamus yana da wata fa'ida da ta shafe mu musamman. Ginshiƙi laƙabi ɗaya yake ɗauka, ƙamus kuwa yana ɗaukar Turanci da Hausa gefe da gefe. Zanen da ya shiga kundi da Turanci, shi ne za ki fitar da Hausa ranar da za a nuna wa ma'aikatan lafiya ko shugabannin al'umma sakamakon, ba tare da kin taɓa lamba ko ɗaya ba. Ina so in ga ana yawan yin haka, domin bayanan daga gidajen mutanen nan aka samo su. Sai dai ki kula da ƙ da ɗ da ɓ. Ki ajiye ƙamus ɗin da UTF-8, tsarin ajiye haruffa da ya san waɗannan. A Windows, R bai koma amfani da UTF-8 a matsayin tsarinsa na asali ba sai daga 4.2.0 na 2022, don haka in naki ya girmi wannan, ki sabunta. `pdf()` na asali ba ya iya waɗannan haruffa, ɗigogi yake sawa a gurbinsu. Ki ba `ggsave()` zaɓin `device = cairo_pdf`, ko ki fitar da PNG ta fakitin ragg, da salon rubutu mai ɗauke da haruffan, irin Noto Sans ko Charis SIL.

Nau'in fayil ɗin da kika ajiye bayanai a ciki shi ke yanke hukuncin abin da zai tsira. CSV lambobi da rubutu kawai ya sani, laƙabi ko ɗaya ba ya wucewa, shi ya sa duk CSV da za ki ba wani ya tafi tare da ƙamus. RDS yana riƙe komai, amma R kaɗai ke karanta shi cikin sauƙi. Parquet ta fakitin arrow yana ajiye siffofin R a gefe ya dawo da su in R ne ya karanta, kuma yana ba ki damar ɗauko ginshiƙan da kike so kawai. `write_dta()` yana mayar wa Stata laƙabinsa, sai dai laƙabin ginshiƙi a Stata ba ya wuce haruffa 80.

Zanukan da kika riga kika ajiye kuwa ana iya ceto su. Ki rufe R ki buɗe sabo ba tare da `.RData` ba, ki karanto fayil ɗaya tak. `layer_data(p)` zai ba ki ainihin lambobin da aka zana, wato tsawon kowace sanda bayan lissafi, `p$data` kuma teburin da aka ba zanen. Ki ajiye ƙaramin daga cikinsu, ki fitar da hoton da `ggsave()`, ki cire `p`, ki kira `set_last_plot(NULL)` don ggplot2 ya saki nasa riƙon, sannan ki wuce na gaba. Ki yi wannan kafin ki sabunta ggplot2, domin tsarin cikin zane yana canzawa daga fitowa zuwa fitowa, kuma zanen da aka ajiye da tsohon fakiti yana iya ƙin buɗuwa a sabo. In akwai fayil ɗin da kika zuba dukan jihohi 37 a ciki, kada ki ɓata lokaci kansa a wannan kwamfutar. Ki sake lissafa su daga ginshiƙai goman nan, ki goge shi, ki kuma goge duk kwafin da kika tura wa wani.